Kura a Cikin Littafin Yara

Duk wanda yake so ya zama marubucin littattafan yara, akwai tambayar da za ta tare shi tun bai ɗauki alƙalami ba. Ya kamata ya ɓoye wa yaro muguntar duniya, ko kuwa ya nuna masa ita? Bari mu auna wannan tambaya a kan 'ya'yan Hausawan Sudan, gama a wurinsu ne ta fi nauyi.

Kakannin waɗansunsu sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Waɗansu kuwa hanyar Makka ce ta kai su, noman auduga a Jazira ya riƙe su bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Jikokinsu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. A Yulin 2022 faɗa ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu wajen Damazin da Rusairis, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje. A Afrilun 2023 babban yaƙi ya ɓarke, ya isa Wad Madani a Disamba, makarantu suka rufe.

Wani zai ce, ai yaron da ya sha wannan wahala hutu yake bukata, a ba shi labarin da kowa yake dariya tun daga farko har ƙarshe. Tausayi ne ya sa shi faɗin haka, ba mu raina shi ba. Amma yaron da ya kwana a daji yana gudun harsashi, in ya buɗe littafi ya tarar babu tsoro a cikinsa, zai gane marubucin bai san shi ba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Tsofaffin da suke yi mana tatsuniya sun riga mu gane wannan. Ba su fitar da kura daga labari ba, ba su ɓoye Dodo ba. Sai dai sun yi abu biyu. Na fari, a bakin kaka yaro yake jin labarin, ya sani za a kai ƙurunƙus, ya kwanta lafiya. Na biyu, kura ba ta da ƙabila. Haɗama ce sunanta, kowa kuma yana iya samunta a cikin zuciyarsa. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, wadda ta fara fitowa a 1937: maci amanar sarki wazirinsa ne, na cikin fada.

A nan ne jarrabawar marubuci take. Abu ne mai sauƙi ya sa wa mugun labarinsa sunan maƙwabcin da aka yi faɗa da shi, manya su yaba masa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙiyayyar da aka shuka a ɗan shekara 7 kuwa, a ɗan shekara 20 ake girbe ta.

Saboda haka, ɗan'uwana, zauna wurin tsofaffi ka saurara tukuna. Yaran nan da Larabci suke karatu, Hausa ta gida ce, don haka ka rubuta abin da zai yi daɗi in an karanta shi da ƙarfi a tsakar gida. Sa gonar auduga da kogi da jaki a ciki. Bar kura ta shigo, amma ka tabbata akwai mai buɗe wa yaron labarin ƙofa, in da hali ya zama mutumin wata ƙabila. Sa'an nan ka tara yara ka karanta musu. Inda suka fara wasa da ƙasa, nan za ka gyara.