Birki Ya Ƙwace, Wa Zai Amsa?

Daga unguwar Zongo zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano tafiyar ƙafa ce, shi ya sa hirar gindin babban masallacin unguwar ba ta rabuwa da zancen gingimari. Shekara da shekaru motocin nan na kwasar kaya su bi ta Bohicon, Dassa-Zoumè da Parakou har Malanville, sama da kilomita 700, su haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya a Nijar. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya rage zirga-zirgar, amma bai canza abin da ake faɗa ba idan labarin hatsari ya iso: birki ya ƙwace, ƙaddara ce.

Mumini ba ya jayayya da ƙaddara. Sai dai bakanike ya san birki ba ya mutuwar fuju'a.

Ƙaramar mota da man birki take tsayawa. In tiyo ya fashe man ya tsiyaye, direba zai taka ya ji wayam. In man ya tsufa ya sha danshi, zafi na iya tafasa shi. Gingimari kuwa iska take amfani da ita, dabarar da George Westinghouse ya fito da ita a Amurka a 1869 domin jirgin ƙasa, ya gyara ta a 1872 yadda in tiyo ya tsinke birkin zai kama da kansa. Manyan motocin yau sun gaji wannan tunani: akwai sifirin mai ƙarfi a ƙafafun baya wanda iska ke dannewa, da zarar iskar ta yi ƙasa sai ya saki ya damƙe motar. Kafin nan ma agogon iska ya nuna, ƙararrawa ta yi kuka. Abin da ke kashe mutane galibi hannun mutum ne: takalmin birki da ya cinye ba a sauya ba, ruwan da ke taruwa a tankin iska ba a zubar ba (a danshin Kwatano kuwa ba ya jimawa), lodin da ya wuce kima, toshe tiyon ƙafar da ke yoyo don a samu a wuce, da taka birki tun daga kan gangara har ƙasa maimakon sa ƙaramar giya, har ƙarfen ya yi zafi ya daina riƙo.

Malamai kan kawo hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da Annabi (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Sukan kawo Sayyidina Umar, wanda ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Hujjar da ta fi kaifi tana aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda aka ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Wanda ya rubuta ajalin mamacin Shi ne ya ce a biya. Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, har lamuni take ɗora wa mai sana'a kan kayan da suka lalace a hannunsa.

Saboda haka ambaton ƙaddara yana da muhallinsa. A zaman makoki, ga uwar da ta rasa ɗa, magani ne. A bakin wanda ya ga allurar agogon iska na sauka ya kau da kai, mafaka ce.

Wurin da maganar ke da wuya shi ne direba sau da yawa ba shi ne mai motar ba. Ya ce wa ubangidansa birki na son gyara, aka ce ya yi wannan zuwan tukuna. In ya ƙi, ga wani na jiran makulli. Hukumar CNSR ta Benin na duba lafiyar motoci ta ba da takarda, amma takardar shaidar ranar dubawa ce kawai. Idan abin ya faru direba ake kamawa, in ya rayu. Mai motar kan zo gaisuwa da babbar riga, kuma da wuya a samu wanda zai tambaye shi yaushe rabon da ya biya kuɗin takalmin birki.