Sabuwa ko ta hannu: wa zai riƙe bindigar bayanka?



Mu a ƙasar nan mun ƙware da sayen kayan hannu. Babur ɗin da ɗan kabu-kabu ke neman abinci da shi, salular da ke aljihunka, rigar bosho da ka saka ka tafi lakwal, yawancinsu wani ya mora kafin su iso gare mu. Mun san tambayoyin da ake yi wa mai kaya: nawa ne, lafiyarsa ƙalau, shekara nawa zai kai ni? In sabo ya fi ƙarfin aljihu a sayi na hannu, babu kunya a ciki.

To, a ƴan shekarun nan tambayar ta shiga wurin da ba mu saba jin ta ba. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan bakin iyaka a yankunan Madarumfa da Gidan Runji, sai ka ji matasa a bakin shayi suna hirar bindiga tamkar hirar babur: wannan ya ce sabuwa ta fi aminci, wancan ya ce ta hannu ta fi araha. Mafi yawansu ko taɓa ta ba su yi ba, baki ne kawai. Amma abin da baki ya saba da shi zuciya ba ta jin tsoronsa, don haka gara mu auna maganar tun tana hira. Shin mudun da muke auna babur da shi ya isa auna bindiga? Ni dai na ce bai isa ba, ga kuma dalilaina.

Kayan da ke binne masu shi

Babur yana tsufa a gaban idonka. Ƴan shekaru yana jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, sai inji ya gaji, a ƙarshe a auna shi a kilo a sayar wa masu gwangwan. Kuɗinsa yana raguwa ne saboda amfaninsa yana raguwa.

Bindiga ba haka take ba. Ɗauki Kalash, wadda kowa ya san sunanta. Mikhail Kalashnikov ya ƙera ta a 1947, sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949. An yi ta ne don ta jure ƙura da laka da hannun wanda bai ƙware ba. Wadda aka ƙera tun kafin a haifi iyayenmu, in dai ana shafa mata mai, yau ma za ta tashi. Babur na hannu rabin ƙarfinsa ya rage. Bindiga ta hannu kuwa kisanta cikakke ne, harsashinta bai san tsufanta ba.

Wannan ya sa mai sayen bindiga da wuya ya zama na ƙarshe da zai riƙe ta. Za a sayar, ko a sace, ko a gada, ko a zare ta daga hannun gawa. Kai da ka biya kuɗi zango ɗaya ne kawai a cikin doguwar tafiyarta. Saboda haka akwai tambayoyi biyu da ba a yi wa babur amma dole a yi wa bindiga: daga ina ta fito, kuma ina za ta bayanka?

Ta hannu, amma hannun wa?

Mu fara da ta hannu, tunda ita ce mai ruɗi da araha. Bindigar yaƙi ba ta tsirowa a gona. A 2011, da mulkin Gaddafi ya faɗi, rumbunan makaman Libiya suka zama banza ta faɗi. Makaman suka bi Sahara suka gangaro, a 2012 arewacin Mali ya kama wuta. Wannan hanya ɗaya kenan. Ta biyu ta fi zafi, don ta gida ce. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojinmu 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. A irin waɗannan hare-hare maharan kan kwashi makamai da motoci su tafi da su, kuma makamin da ya fita daga hannun hukuma ba shi da linzami.

To, ɗan'uwa, idan wani ya ja ka gefe ya ce ga wata da araha, babu takarda, an ma goge lambar jikinta, ka tambayi kanka: me ya sa aka goge? Ba a goge lamba sai don a ɓoye tarihi. Wataƙila mai ita na farko saurayi ne kamarka, wanda ya bar lise ya shiga soja don ya ciyar da tsofaffinsa. Arahar da ka samu, wani ya cika ragowar kuɗin da ransa.

Kuɗinka kuma ba su tsayawa a aljihun dillali. Suna komawa inda kayan suka fito, su zama harsashi da man babur da ƙwaya. Kai kana ganin ka sayi kariya daga ɓarayi, alhali ka ƙara wa kasuwarsu jari. In ɓera na da sata, ai daddawa ma na da wari. Al'adarmu ba ta raba ɓarawo da mai sayen kayan sata ba. Malaman fiƙihu na Malikiyya ma sun hana sayar da makami ga ƴan fashi da masu fitina, ko da cinikin a zahiri ya cika sharaɗi, saboda an san abin da za a yi da shi. In an hana ka miƙa musu makamin, ta ina zai halatta ka miƙa musu kuɗin sayen wani?

Sabuwa fa, hannunta a wanke yake?

Nan wani zai ce: shi kenan, mu sayi sabuwa fil a leda, wadda ba ta taɓa shan jini ba. Maganar tana da daɗin ji, amma a duba ta da kyau.

Na farko, duk wata ta hannu da ke yawo a dajin nan ta taɓa zama sabuwa. Makaman Libiya gwamnati ce ta saye su daga masana'anta, da takardu da hatimi. Sabuntarsu ba ta hana su ƙarewa a hannun masu ƙona ƙauye ba.

Na biyu, sabuwa ma tana shigowa ta ɓarauniyar hanya. A Janairun 2017 jami'an kwastan na Najeriya sun kama sababbin bindigogi 661 a Legas, a Satumbar wannan shekara suka sake kama 1,100. Ba wanda ya taɓa harba su, amma ba don farautar zabi aka yi fasa-ƙwaurinsu ba.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi: mai sayen ta hannu ya sauya wa bindiga ɗaya mazauni, mai sayen sabuwa kuwa ya ƙara ɗaya a lissafi. Ya gaya wa mai ƙera ta da mai shigo da ita cewa akwai kasuwa, su ƙaro. Ta hannu tana zuwa da bashin jiya, sabuwa tana buɗe bashin gobe.

Tarihin Damagaram ya isa misali. A ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya tara bindigogin da fatake ke kawowa daga Tarabulus, ya sa aka ƙera igwa a gida, ya ɗaukaka masarautarsa har ana shakkarta. Muna alfahari da wannan, kuma da dalili. Amma a cikin kayan da ayari ke ɗauka zuwa arewa, ban da fatu da gashin jimina, akwai bayi. Bindiga ta kamo mutum, mutum ya sayo bindiga. Da Faransawa suka iso a 1899, duk wannan tarin bai hana birnin faɗuwa ba.

Shi kansa Kalashnikov, kafin ya rasu a Disambar 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko yana da alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauke. In wanda ya ƙera ta ya kasa guje wa wannan tambaya, kai mai saye kana ganin za ta bar ka?

Maganar wanda aka kore wa shanu

Yanzu bari mu saurari wanda ya fi mu hujja. Akwai manomin da aka shigo masa gida da tsakar dare, aka kore shanun hudarsa, aka tafi da matarsa, sai da ya sayar da gona ya biya fansa. A 2019 kaɗai sama da mutum dubu 40 suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi suna gudun irin wannan. Mutumin nan zai dube mu ya ce: «Ku ƴan boko kuna zaune cikin gari kusa da jandarma kuna falsafa. Ni kafin soja su iso an gama da ni. In na sami bindiga, sabuwa ko tsohuwa, ina ruwana da tarihinta?»

Wallahi wannan magana ba ta raini ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Kare rai da iyali haƙƙi ne, addini ya yarda, hankali ya yarda. Kuma babban laifin yana kan duk hukumar da ta bar talaka shi kaɗai da dare.

Sai dai mu dubi abin da ya faru da maƙwabtanmu da suka riga mu bin wannan hanya. A Zamfara ƴan sa-kai sun tashi ne da niyyar kare ƙauyukansu. Da makami ya zauna a hannu ba tare da mai tsawatarwa ba, sai aka fara kashe mutum a kasuwa kan zargi kawai, don an ga kamarsa ko an ji harshensa. Dangin waɗanda aka kashe wasu suka shiga daji ɗaukar fansa. Kowane ɓangare ya ƙaro makamai, wutar da aka so kashewa ta ƙara ci.

Dalilin a fili yake. Ɓarawo yana zuwa dare ɗaya, bindigar kuwa tana kwana a ɗaki dukan shekara. Tana nan ranar da aka yi rigimar iyakar gona. Tana nan lokacin kaka da dabbobi suka faɗa wa amfanin da ba a kwashe ba. Tana nan ranar da ƙanenka ya sha ƙwaya, da ranar da yara suka shiga ɗaki wasa. Manyanmu ba su manta da Toda ba: a Oktoban 1991, a nan jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, galibi mata da yara. A lokacin Kalash bai yawaita a karkara ba. Ka ƙiyasta irin wannan fushi a garin da kowane gida ke da ita a ƙarƙashin gado. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda na tsaya

A ganina rabon da ya dace a yi shi ne tsakanin bindigar da wani ke amsa sunanta da wadda ba ta da mai amsawa. Ta farko tana da lamba, an rubuta ta a rijista, an san mai ita, in ta yi ɓarna an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dokar ƙasarmu ta ce farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma, makamin yaƙi kuwa na jami'an tsaro ne. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ita ma ta nemi a buga wa kowane makami lamba a rubuta shi. Nijar ta fita daga ƙungiyar, amma hikimar lamba da rijista tana nan daram.

Da wannan ma'auni amsar takan zo ba yadda ake zato ba. Maharbin da ke da izini, ya sayi bindigar farauta daga hannun wanda aka sani, aka sauya takarda zuwa sunansa, masani ya duba lafiyarta don kar tsohon bututu ya fashe masa a fuska, wannan ta hannu ya saya kuma ya fi mai sabuwa sauƙin alhaki, don bai ƙara ko ɗaya a ƙasa ba. Wanda ya sayi marar lamba a ɓoye, shi ya fi kowa ɗaukar kaya. Mai sabuwa ta fasa-ƙwauri yana biye da shi.

Ga ƙauyen da ke cikin tsoro kuwa, abin da ya kamata mu ƴan makaranta mu taya shi nema da bakinmu da alƙalaminmu shi ne tsaro mai amsa tambaya: sansanin soja kusa, lambar waya da ake ɗauka in an kira, sintiri da hakimi da jami'ai suka san da shi, da kotun da ba ta sakin ɓarawo bayan kwana uku. Wannan ya fi wuya, ya fi jinkiri, amma ba ya barin wa ƴaƴanmu gadon da zai cinye su.

Kuma ƙasarmu ta taɓa nuna cewa tafiyar bindiga tana iya ƙarewa. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, wanda har yau muke hutu dominsa, an tara makaman tawaye a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Hukumar CNCCAI, mai tattara haramtattun makamai, tana nan tun 1994. Waɗanda suka miƙa nasu a wancan lokaci ba ragwaye ba ne, mutane ne da suka ga abin da take yi da idonsu.

Saboda haka in hirar ta sake tasowa a fadarku, kada ku tsaya kan farashi. Ku tambayi mai maganar abu uku: hannun wa ta baro, aljihun wa kuɗinka za su shiga, kuma wa zai ɗauke ta ranar da ba ka nan? In ya iya amsa ukun da sunaye, a ci gaba da hira. In ya yi shiru, a zuba masa shayi na biyu, a bar shi ya yi tunani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.