Shirun Masu Zaɓe a Legas: Yarda ce ko Ƙin Yarda?

Birnin Legas, wanda Hausawa suka daɗe suna kira Ikko, yana cikin wuraren da aka fara jefa ƙuri'a a Nijeriya, domin tsarin mulkin Clifford na 1922 ya ware kujeru huɗu na zaɓe a majalisar dokoki, uku ga Legas, ɗaya ga Kalaba. A zaɓen 1923 jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay ta lashe kujerun Legas duka, sai dai a lokacin babu mai jefa ƙuri'a sai namiji baligi mai samun fam 100 a shekara. Bayan shekara ɗari, a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, masu rajista a jihar sun haura miliyan 7, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Peter Obi ya sami ƙuri'a 582,454, Bola Tinubu kuma 572,606, alhali a Kano, wadda rajistarta ba ta kai ta Legas ba, Rabi'u Kwankwaso shi kaɗai ya sami 997,279.

An ɗauki wannan sakamako a matsayin shaidar cewa Legas ta juya wa tsohon gwamnanta Tinubu baya, sai ga shi bayan mako uku Babajide Sanwo-Olu na APC, jam'iyyar Tinubu, ya lashe zaɓen gwamna da babbar tazara, aka koma cewa birnin yana nan inda yake tun 1999. Duka hukuncin biyu an gina su ne a kan muryar ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar, saboda haka tambayar da ta rage ita ce me za a jingina wa sauran da suka yi shiru.

Masanin falsafar Ingila John Locke ya yi bayanin abin da ake kira yarda ta shiru, wato duk wanda ya zauna a ƙasa, yana bin hanyoyinta, yana cin moriyar tsaronta, to ya amince da hukumarta ko da bai furta ba. Bisa wannan ra'ayi, wanda ya ƙi fita zaɓe ya miƙa wuya ga abin da masu fita suka yanke. Malaman usulul fiƙihu kuwa, wato ilimin tushen hukunce-hukuncen shari'a, sun tattauna irin wannan mas'ala a babin ijma'in shiru, inda wani malami zai faɗi hukunci, sauran su ji, su ƙi cewa komai. An san Imam Shafi'i da matsayin cewa ba a ɗora wa mai shiru maganar da bai yi ba, waɗanda suka karɓi shirun a matsayin hujja kuma sun gindaya sharuɗɗa: maganar ta isa ga mai shirun, ya sami lokacin nazari, kuma babu tsoro ko wani uzuri da ya rufe masa baki.

Idan aka auna Legas da waɗannan sharuɗɗa, da wuya shirunta ya zama yarda. A ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar motoci, don haka ma'aikacin da ya yi rajista kusa da wurin aikinsa a Ikeja, alhali yana kwana a Ikorodu, ba shi da hanyar isa rumfarsa, sai ya wuni a gida da katinsa a aljihu. Cikin 'yan kasuwar Mile 12 da mazauna Agege da Idi-Araba akwai masu kulle shago su tafi gida idan zaɓe ya matso, wasu don rajistarsu tana can, wasu don gudun tarzoma. Masu sa ido sun kuma ba da rahoton barazana da tare masu zaɓe a wasu unguwanni a zaɓen gwamna na 2023. Ita kanta rajistar tana ɗauke da sunayen waɗanda suka ƙaura ko suka rasu. Shirun da ya haɗa mai uzuri da mai tsoro da mai fushi da wanda bai damu ba, ba ya fassaruwa da ma'ana guda.

Wannan bai wanke kowane mai shiru ba. Malamai da yawa na wannan zamani suna ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida a kan cancantar mai neman shugabanci, Suratul Baƙara kuma ta yi hani da ɓoye shaida. Ko da an ce zaɓe farilla ce ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, sharaɗin saukarsa shi ne waɗanda suka yi ɗin su wadatar. Inda tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba a jiha mai masu rajista miliyan 7, mai cewa ƙuri'arsa ba za ta canja komai ba ya rasa hujja.

Ƙasashe kamar Ostareliya, tun 1924, sun tilasta fita zaɓe, kuma a 2025 an gabatar da ƙudurin irin wannan doka a Majalisar Wakilan Nijeriya, daga baya aka janye shi. Tilastawa tana iya cika rumfuna, amma ba ta haifar da yarda. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne wanda ya ci zaɓe da ƙuri'un 'yan tsiraru ya ci bisa doka, sai dai ba shi da ikon cewa birnin ya goyi bayansa. Hukuma tana da nauyin kawar da tsoro da wahalar isa rumfa, wanda kuma ya zauna a gida ba tare da uzuri ba yana da kaso a alhakin duk abin da shugabancin ya haifar.