Jadawali Ko Sakin Mara: Yaya Za Mu Yi Da Karatun Yara A Gida?



Wannan tambaya ta fara damuna ne a shekarar 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda annobar korona, yara suka dawo hannunmu wata da watanni. Ba a daɗe da komawa ba kuma aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba, gwamnatin Jihar Katsina ta sake rufe makarantu. A wannan lokaci ne kowace uwa ta zama malama, ko tana so ko ba ta so, kuma na ga gidaje biyu da har yau nake tunani a kansu.

Na farko gidan yayata ne a nan Kankiya. Baiwar Allah nan takarda ta samu ta manna a bango: hadda bayan asuba, lissafi ƙarfe bakwai, Turanci ƙarfe tara, Ahalari bayan azahar, bita bayan isha'i. Wallahi da na gani sai da ta burge ni. Amma kafin wata biyu ɗanta mai shekara takwas ya koyi abin da ba a rubuta a takardar ba, wato ƙarya. Kullum cikinsa na ciwo, kullum ya gama aikin amma littafin ya ɓata. Abin da Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani ke nan a Muƙaddima, cewa tsanantawa wajen koyarwa takan kashe wa yaro karsashi, ta koya masa ƙarya da yaudara domin ya tsira daga hukunci. Imamu Gazali ma a Ihya'u ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa na dushe masa basira har ya tsani karatun. Kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa irin wannan jadawali domin bakin mutane ake yinsa, a ce ɗan wance ya sauke yana shekara tara.

Gida na biyu na 'yar gwaggona ne a Kusada. Ita cewa ta yi a sakar wa yara mara, ilimi rabo ne, mu ma ai haka muka tashi. Maganar da daɗin ji, har na so in yarda da ita, sai da na je na kwana biyu na ga yadda hutun yake. Mazan suna fita ƙwallo tun safe, sai yunwa ta koro su. Ita kuwa 'yarta mai shekara goma, daga wanke-wanke sai goyon ƙane, daga nan sai farantin awara a ka har magariba. Na ce ta karanta mini daga Sabbi zuwa ƙasa, rabin surorin sun zube. To 'yar'uwa, wa aka sakar wa marar? A gidajenmu idan ba a ware wa karatu lokaci ba, lokacin ba ya zama a banza, aiki ne yake cinye shi, kuma na 'ya mace yake fara ci. Wannan ne ya sa duk da laifin da na ga jadawalin yayata, na fi jin tsoron gidan da babu tsari ko kaɗan. Yaron Kankiya ya gaji ne, ana sassauta masa ya dawo. Shekarun yarinyar nan kuwa wa zai biya ta?

Idan muka duba magabata za mu ga suna da tsari, sai dai mara nauyi ne. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, ya ce Annabi (SAW) ma yakan zaɓar musu lokaci don kada su ƙosa. Manya ke nan fa, balle yaro. Ita ma salla an ce a umarci yaro da ita yana shekara bakwai, ba a yi zancen horo ba sai a goma, shekara uku cur ana lallaɓawa. Ko makarantar allo da muke ganin tsananinta tana da hutun Alhamis da Juma'a.

Ni dai abin da nake yi a gidana lokaci biyu ne kacal: minti ashirin na Alƙur'ani bayan asuba, da rabin awa na aikin boko bayan la'asar. A waɗannan lokuta babu aike, babu talla, babu goyo, ko baƙi ne suka zo, kuma sai da na nemi goyon bayan maigida kafin abin ya zauna. Sauran yinin nasu ne. Nakan dai sa su ƙirga canji ko auna mudu, ba su ma san karatu suke yi ba.

Na ba 'yar gwaggona wannan shawara, ta ce to wa zai kai mata awarar? Kuɗin cefane ne, ban iya ce mata ƙarya take ba. Da ƙyar muka daidaita a kan farantin ba zai fita ba sai yarinyar ta biya allonta, kuma a riƙa karɓa-karɓa da yayanta namiji.