Kura da Shan Bugu: Haƙƙin Mataimaki a Aikin Mishan

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutun boko ya ji sunan J. F. Schon, ɗan mishan Bajamushe da ya yi wa ƙungiyar CMS ta Ingila aiki. Mun haddace shekarunsa saboda jarrabawa: nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, Magana Hausa a 1885. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne, wannan bawan Allah bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. To, daga bakin wa ya ɗebo Hausar da ya cika littattafai da ita?

Kaso mai tsoka daga bakin wani yaro ne mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami. A Kukawa wani Bature ya 'yanta shi tare da wani yaro Margi, Abbega. Su biyun suka bi matafiyin nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, daga bisani ya tafi da su Ingila a 1855. Can Dorugu ya shekara da shekaru a gidan Schon, yana faɗa ana rubutawa: tatsuniya, karin magana, labarin rayuwarsa, da yadda Bahaushe ke juya harshensa. Da wannan jari aka fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Gaskiya ɗaya ce, Schon ya sha wahala, kuma bai ɓoye sunan yaron ba, domin labarin Dorugu na cikin Magana Hausa. Amma sunan da ke bangon littafi na Schon ne, kuma shi Jami'ar Oxford ta ba digirin girmamawa a 1884.

Dorugu ma ya yi sa'a, tunda ga mu muna ambatonsa. A ƙarƙashinsa akwai tarin jama'a da tarihi ya haɗiye. Lokacin da Bishop Tugwell da Likita Mila suka doshi Kano a 1900, wasu ne suka ɗauki akwatunansu a ka, wasu suka hura wuta suka dafa, wani ya tsaya tsakaninsu da masu gari yana tafinta. Haka a asibitocin kutare da mishan ta riƙe a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa: likita ya duba ya wuce, mai wanke miki kuwa yana nan safe da yamma. Ga malamin bishara da aka ajiye a ƙauye, shi ne mai wa'azi, shi ne malamin karatu, shi ne mai ba da magani, matarsa kuma ita ke tara mata, ba ta cikin lissafin albashi. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Sai dai idan an zo ba da labarin cin garin, ba a cika tunawa da ɗan garin ba.

Shin wannan zalunci ne, ko kuwa haka aikin Allah ya gada? Tambayar ba ta da sauƙi, domin addinin Kirista yana da amsa mai nauyi. Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, inda ido ba shi da ikon raina hannu. A cikin Ayyukan Manzanni an zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas, domin rabon abinci ga gwauraye, kuma ba a ɗauki aikinsu ƙasƙanci ba. Almasihu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma hori masu yin alheri da su yi shi a ɓoye. Bisa wannan koyarwa, wanda ya share majami'a ba wanda ya gan shi, ladansa na wurin Mai gani. Ɗan'uwa Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, don ya san ikhlasi, ya san haɗarin riya. Ba mu raina wannan amsa, kuma mun ga dattawa da suka rayu a kanta cikin natsuwar da ta fi ƙarfin masu neman suna.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin da amsar ta fito. Idan mataimaki ne ya ce, "Ban damu a ambace ni ba, don Allah na yi," ya yi kyauta da abin da yake mallakarsa, kuma wannan tawali'u ne. Idan kuwa shugaba ne ya ce masa, "Kada ka damu, ladanka na sama," alhali shi yana karɓar nasa yabon tun a ƙasa, to ya yi kyauta da kayan wani. Kalmomin iri ɗaya ne, hukuncinsu ya bambanta. Mutum na iya yafe bashin da yake bi, amma wanda ake bi ba shi da hurumin yafe wa kansa. Nan ne karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi take samun wurin zama, ko da an lulluɓe ta da ayoyi.

Abin lura, shi Bulus ɗin da ake kafa hujja da shi bai yi haka ba. A ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya jero sunayen mutane fiye da ashirin, maza da mata, ya fara da Fibi mai hidimar ikilisiya. Har magatakardan da ya rubuta wasiƙar, Tartiyas, an bar shi ya sa sunansa ya yi gaisuwa. Shekara kusan dubu biyu ke nan ana karanta sunan mai riƙe alƙalami tare da na mai shifta.

Wani zai ce, mene ne a cikin suna? Akwai gaskiya a ciki, da farko, domin littafin da mutum biyu suka yi aka ce na ɗaya ne ya faɗi rabin magana. (Masu zuwa ƙauye su naɗo waƙoƙin daka a bakin tsofaffi, su dawo su rubuta "wata tsohuwa" a kundin digiri, su ma maganar ta shafe su.) Sa'an nan akwai amana, don wanda ba a ambaton aikinsa, da wuya a ba shi ragama. Dubi Samuel Ajayi Crowther. Tare da Schon suka shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841, shi yana matsayin mataimaki. Ya yi ta hawa har aka naɗa shi bishop a 1864. Duk da haka, a 1890 wasu samarin 'yan mishan daga Ingila suka tozarta shi a Onica, suka dakatar da ma'aikatansa 'yan ƙasa a gabansa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka ba Bature kujerarsa. Ashe a idon wasu, taimako launin fata ne, wanda ba a fita daga cikinsa ko an tsufa a aiki.

Ba muna cewa kowa ya hau mumbari ba ne. Majami'ar da kowa ke son wa'azi, ba mai son jera kujeru, ta kama hanyar watsewa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matsayin mai taimako zai ci gaba da kasancewa, haka ma masu zaɓensa da zuciya ɗaya. Nauyin faɗin sunansu da biyansu haƙƙinsu yana wuyan wanda aka taimaka wa.

Dorugu ya komo gida a 1864, ya yi wa Turawa daban-daban tafinta. A ƙarshen rayuwarsa yana Kano, yana koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, kuma a can ya rasu a 1912. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa cikin Turanci, shekara 59 bayan an binne shi.