A ƙara wa bindigar toka faɗin baki?

'Yan uwa, an tambaye ni a nan Kakuri: ya halatta mafarauci ya kai wa maƙeri bindigarsa ta toka a sa mata bututu mai faɗi? Ni dai abin da yake harbi nake dubawa. In ƙaramin bututun raunata gada kawai yake yi, ta gudu ta mutu a wahale cikin daji, to canjin alheri ne; hadisin Shaddad bn Aus (RA) ya umarce mu da kyautata kisa. Amma mai harbin zabo da zomo fa? Ragargaza naman zai yi, ɓarna kenan. Kuma don Allah kar a rarake tsohon bututu ya sirance. Ran da aka cika masa albarushi ya fashe, yatsun maharbin zai kwashe.