Suna Yakan Riga Katanga Tsayuwa

Shin kalma kaɗai tana iya zama zalunci, ko kuwa sai an kai ga aiki? Masu hikima sun ce magana zarar bunu ce. Tarihi kuma ya nuna cewa duk mai son ware jama'a yakan fara ne da raɗa wa abin suna mai daɗi.

A ƙarƙashin dokar birane ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, Turawa suka keɓe wa kansu unguwa, suka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata, suka ce kiyaye lafiya ne daga zazzaɓin sauro. Mutanen Kudu aka zaunar da su a Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa kuma a Tudun Wada, kamar yadda aka yi a Zariya. Gusau ma tana da unguwanni masu waɗannan sunaye. A Afirka ta Kudu kuwa, dokar 1950 ta sa aka rubuta kowa a rajista bisa launinsa, aka kuma kira wariyar nan bunƙasar kowane jinsi daban, har mulkin ya rushe a 1994.

To, katanga takan faɗi, amma ɗabi'ar laƙabi takan saura a baki. Tun da rikicin 'yan bindiga ya yi tsanani a Zamfara, akwai masu furta "Bafulatani" da nufin ɓarawo. Makiyayin da ya kawo tumakinsa kasuwar Nahuce ko Bungudu ko Tsafe, bai taɓa cutar kowa ba, sai sunan ya yanke masa hukunci tun kafin alƙali ya ji ta bakinsa. Wanda aka saba kiransa da sunan laifi, jininsa yakan yi arha.

Musulunci ya toshe wannan ƙofa tun daga harshe. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ta 13 kuma ta sanya taƙawa ma'aunin ɗaukaka. Bukhari ya ruwaito cewa da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa wannan sauran jahiliyya ne.

Saboda haka a kira mai laifi da laifinsa, a bar ƙabilarsa. Allah Ya tsare harsunan bayinSa, amin.